Yadda Ake Rubuta Labarin Yarinya Mai Bin Diddigin Kayan Gado da Ya Ɓata

Labari na farko da na rubuta irin wannan, ƙanwata na miƙa wa ta karanta. Tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakin Inna, ba ta wuce shafi na tara ba ta ɗago kai ta ce, "Yaya, ai kishiyar ce ta ɗauke." Kishiyar ce kuwa. Sauran shafi saba'in ɗin da na yi wata biyu ina rubutawa bayan isha'i suka tashi a tutar babu. Ranar na gane cewa labarin bincike ba a bin alƙalami duk inda ya ja mutum. Gini ne, sai an ja igiya an haƙa harsashi kafin a ɗora tubali.

Na rubuta wasu da dama bayan wannan, kuma hanyar da nake bi ce zan shimfiɗa a nan. Da "ke" zan yi magana, don yawancin masu tambayata mata ne. Namiji ma ya ɗauka, ba a hana shi ba.

Irin wannan labari ya daɗe a wajen Turawa. A 1930 aka fara fitar da littattafan Nancy Drew a Amurka, da sunan aro na Carolyn Keene, kuma na farkon a kan neman wata wasiyya da ta ɓata ya ginu. Waccan yarinyar shekararta 16, tana da motar kanta, mahaifinta lauya ne. Tamu ba ta da ko keke. Amma tana da abin da waccan ba ta da shi, kuma a kansa duk aikin ya tsaya, za ki gani a mataki na biyar.

Abin da za ki tanada

Littafin rubutu guda biyu. Ɗaya na labarin ne. Ɗayan kuma shi nake kira littafin sirri, a ciki kike rubuta gaskiyar abin da ya faru, wadda mai karatu ba zai sani ba sai ƙarshe. Kada ki haɗa su a littafi ɗaya, za ki rikice.

Biro kala biyu, shuɗi da ja, da fensir. Sai takarda babba ta zanen gida. Bayan tsohuwar kalanda ya wadatar.

Waya, idan a ita za ki buga. Ki saka madannan Hausa masu ƙ da ɗ da ɓ, Gboard yana da su. Bambancin "kasa" da "ƙasa" ko "dari" da "ɗari" ba ƙaramin abu ba ne a labarin da ake auna kowace kalma. In garinku wuta sai a shagon caji, ki riƙa rubutu a takarda, ranar da wayar ta cika ki buga babi biyu ko uku a zama ɗaya.

Sai mutum biyu, waɗanda sun fi duk kayan nan muhimmanci: dattijuwa wadda ta san kayan dā da yadda ake adana su, da yarinya mai shekara 12 zuwa 15 wadda ba ta jin kunyar ce miki labarinki ya gundure ta.

1. Zaɓi abin da zai ɓata

Sharaɗi uku nake nema. Ya zama ƙarami, wanda za a iya ƙullewa a gefen zane. Ya zama guda ɗaya ne tak a duniya, yana da wata shaida da za a gane shi da ita. Sannan ya zama darajarsa a zuciyar mutanen gidan ta fi kuɗinsa a kasuwa.

Munduwar azurfa ta cika duka ukun. Haka murjani, ko zoben kaka, ko ɗan ƙaramin littafin addu'a rubutun hannu a cikin gafaka. Takobin gidan sarauta yana da kyau a ji, amma ɓoye shi a gidan da yara ashirin ke zirga-zirga da wuya, sai ki yi ta ƙirƙirar dalilai. Kuɗi kuwa ki bar su gaba ɗaya. Naira ba ta da fuska, in an kashe ta an kashe, babu abin da za a dawo da shi a babin ƙarshe a ajiye a tsakiyar tabarma kowa ya gani.

Ki je wajen dattijuwarki ki sa ta ba ki tarihin irin kayan. Daga bakin gwaggon mahaifina na ji cewa azurfa in ta daɗe a ajiye takan dushe ta yi baƙi, sai an goge ta da toka ko lemun tsami, kuma wadda ake sawa kullum ba ta yin haka. Wannan magana ɗaya ta zame mini alama a labari biyu. A misalin da zan riƙa bayarwa, munduwar Iya ce, kakar yarinyar labarin, kuma munduwar tana da ɗan lanƙwasa a baki ɗaya tun ranar da saniya ta taka ta a zamanin uwar Iya. Wannan lanƙwasar ita ce shaidarta.

2. Fara daga ƙarshe

Nan ne masu koyo suke faɗuwa, nan na faɗi ni ma. Kafin ki rubuta kalma ɗaya ta babin farko, ki buɗe littafin sirri ki amsa waɗannan: wa ya ɗauka, yaushe, ta yaya, saboda me, ina kayan yake yanzu, kuma wa ya sani ya yi shiru.

Dalilin shi ne ran labarin. "Don ya sayar ya ci kuɗin" dalili ne, amma mai karatu zai hango shi daga nesa. A gidan ƙauye, abin da ke sa mutum ya ɓoye magana ya fi yawa a kunya, da bashi, da rufin asirin wani. Labaran da suka fi yi mini kyau su ne waɗanda a ƙarshe aka tarar babu ɓarawo ma sam.

Ga yadda na tsara na munduwa. Iya ta rasu a watan Satumba. Ranar sadakar bakwai aka buɗe adudunta, aka tarar da tsumman da take naɗe munduwar, babu munduwa. Kowa ya ɗauka a cikin kwana bakwai ɗin zaman makoki aka sace ta, tunda gidan cike yake da masu gaisuwa. Gaskiyar kuwa, tun watan Yuli Iya da kanta ta ba dillaliya jinginar munduwar, ta karɓo kuɗi ta ba autanta, Kawu, ya sayi taki buhu biyu. Ta ce kada kowa ya ji. Kawu yana jiran ya yanke riɗi ya kai kasuwar Gujungu ran Lahadi ya fanso ta ya mayar a ɓoye, sai mutuwa ta riga shi. Yanzu ga yayyensa suna neman ɓarawo, shi kuma bakinsa ya yi nauyi.

Ki lura da dabarar: ba a kan mutum aka yi kuskure ba, a kan lokaci aka yi shi. Muddin kowa yana tambayar "wa ya shiga ɗakin Iya a makon nan", ba za a taɓa kaiwa ga amsa ba. Ranar da yarinyar ta tambayi kanta, "To wai yaushe rabon da a ga munduwar a hannun Iya?", ranar labarin ya juya.

3. Ki san hukuncin gado

Tunda kayan gado ne, mai karatu Bahaushe zai kama ki in kika yi kwaɓa. Abin da kike buƙata kaɗan ne. Ana fara biyan bashin mamaci, sannan a zartar da wasiyya, sannan a raba. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Ɗa namiji yana ɗaukar rabon mata biyu. Matar mamaci tana da ɗaya cikin takwas in akwai 'ya'ya, ɗaya cikin huɗu in babu. Asalin waɗannan kason na magada yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176. Takaba wata huɗu da kwana goma ce ga wadda ba ta da juna biyu, kuma wannan yana da amfani a labari, don mai takaba tana zaune a gida tana ganin duk mai shiga da fita.

A labarina Iya ta yi alkawarin munduwar ga jikarta da za a yi wa aure bayan kaka. Jikar ba magajiya ba ce tunda ubanta yana raye, saboda haka wasiyyar ta hau, in dai ba ta haura sulusi ba. Jinginar kuma bashi ce, sai an warware ta. Kin ga shari'ar da kanta ta ƙara wa ƙullin ƙarfi. In lissafinki ya fi haka sarƙaƙiya, ki rubuta shi a takarda ki aika wa malamin da ke rabon gado a garinku ya duba.

4. Zana gidan, ki jera lokutan

A bayan kalandar nan ki zana gidan: zaure, shigifa in akwai, turakar maigida, ɗakin kowace mata, madafa, rijiya, rumbuna, turken awaki, banɗaki, da inda danga ta yi ɓaraka yara suke bi. Ki tsaya a kowace ƙofa da fensir ki tambayi kanki: wanda ke zaune a nan, me yake iya hangowa? Na taɓa sa wata mata ta ga mutum yana fita daga ɗaki alhali a zanena rumbu ya tare tsakaninsu. Ba don zanen ba da haka ya fita.

Lokaci kuma kada ki auna shi da agogo. Babu mai ce miki "ƙarfe uku da minti goma na gan shi" a gidan makoki. Asuba, hantsi, azahar, la'asar, magariba, isha'i, lokacin da aka sauke tuwo, lokacin da 'yan makarantar allo suka tashi, ranar kasuwa. In garin labarinki a Jigawa yake, Alhamis maza da yawa suna Maigatari. In a gabashin Kano ne, Juma'a ta Wudil ce, in a arewa ne, Lahadi ta Dambatta. Ranar kasuwa gida yakan zama na mata da yara zalla, kuma wanda ya ce yana kasuwa akwai waɗanda suka hau mota ɗaya da shi da za a iya tambaya.

Sunan garin kanshi ki ƙirƙira. Manyan garuruwan da ke kewaye, Ringim ko Gumel ko Haɗeja, ki bar su da sunansu. In kika sa sunan ƙauyenku na gaskiya, kafin ki kai babi na uku an fara cewa da gidan wane kike.

5. Yarinyar

Ga abin da na ce tamu ta fi ta Turawa da shi. A ƙauyenmu namiji baligi ba ya wuce zauren gidan da ba nasa ba. Matar aure kuma ba ta fita sai da dalili. Mai unguwa da dagaci, duk ikonsu, a ƙofar gida suke tsayawa. Mutum ɗaya ne yake ratsa duka ɓangarorin biyu babu mai ce masa ina za ka: yarinya 'yar shekara 11 zuwa 13. Ita ake aika ta kai tuwo zaure, ita ke kai niƙa inji, ita ke karɓo bashin adashi, ita ke shiga gida goma da farantin ƙuli kafin la'asar. Kuma manya suna magana a gabanta kamar ba mutum ba.

Saboda haka kada ki sa ta girma. Da ta kai 16 an fara sa mata ido, an fara cewa ta zauna a gida, labarin zai karkata ya koma na samari ko ba ki so ba. In dole sai babba kike so, ki ba ta sana'ar da ke buɗe ƙofa, kitso ko ƙunshi, ki kuma haɗa ta da ƙani ɗan shekara 9 da zai riƙa jiyo mata hirar majalisa da ta tashar mota.

Ki ba ta baiwa guda ɗaya wadda ta fito daga aikinta. Tawa, Lami, 'yar talla ce, ba ta manta wa ya biya, wa ya ce sai gobe, da me aka biya. Wannan ƙwaƙwalwar lissafin ita ta sa ta lura cewa Kawu, wanda tun bazara yake cin ƙuli bashi, ya sami kuɗin taki a tsakiyar damina. Ki kuma ba ta aibi: saurin baki, ko tsoron duhu, ko saurin zargi. Sai dalilin da ya sa abin ya dame ta. Son sani kawai bai isa yarinya ta sa baki a maganar manya ba. A nawa, uwar Lami ce ta yi jinyar Iya, ita ke kwana a ɗakin, kuma ita aka fara yi wa kallon gefe. Yarinyar da ta ga uwarta tana kuka a madafa a ɓoye, ba sai an tambayi me ya tashe ta ba.

6. Waɗanda za a zarga

Huɗu sun isa, biyar iyaka. Kowanne ya zama yana da damar ɗauka, yana da dalili, kuma yana ɓoye wani abu. Wannan na ƙarshen shi ne gishirin. Kowa a cikinsu ya yi ƙarya, amma mutum ɗaya ne ƙaryarsa ta shafi munduwa. Gwaggo ta ce ba ta shiga ɗakin ba, alhali ta shiga, sai dai turaren Iya ta ɗebo don ta riƙa jin ƙamshin uwarta. Baffa ya ce yana gona, alhali yana wajen neman aure na uku. Kowace ƙarya da Lami ta tono tana cin babi guda, tana kuma nuna mana halin gidan.

Gargaɗi biyu. Kada mai laifin ya zama baƙon da ya faɗo a babin ƙarshe. Dole mai karatu ya san shi tun farko-farko. Sannan ki guji ɗora laifi a kan wanda dama shi ake fara zargi a zahiri: almajirin gidan, ko mai kawo nono, ko kishiya. Ban da cewa za a gane da wuri, ni dai ba na so alƙalamina ya ƙara wa marar gata nauyi. Ki bar mutanen gidan su zarge shi, don haka ake yi, sai yarinyar ta wanke shi.

7. Shuka alamomi

A 1929 wani marubuci ɗan Ingila, Ronald Knox, ya jera dokoki goma na labarin bincike. Uku daga ciki sun shafe mu kai tsaye: mai laifi ya bayyana tun farkon labari, kada a warware matsala da abin da ya shafi gaibu, kuma duk alamar da mai bincike ya gani a nuna wa mai karatu ita. Ta tsakiyar ce ta fi kama mu. Da labari ya cije, sai ki ga an sa yarinya ta yi mafarki Iya ta nuna mata wurin, ko an kira mai duba ya buga ƙasa. Mai karatu zai ji an cuce shi. Mai duba yana iya shigowa, don a gidan da aka yi sata akwai wanda zai ce a je wajensa, amma ya nuna wanda bai ji ba bai gani ba, aikin Lami ya ƙaru.

Alama uku na gaskiya nake shukawa, kowacce na ja mata layi da jan biro a littafin sirri, na rubuta babin da ta fito da babin da aka gane ma'anarta. Na munduwa su ne: tsumman da aka tarar a adudu gara ta fara cin gefensa kuma ya manne da zanen da ke ƙarƙashinsa, alamar an daɗe ba a taɓa shi ba, hoton sunan da aka yi a watan Agusta, a wayar wata matar gidan, hannun Iya babu komai alhali ba ta zuwa taro ba munduwa, sai gonar Kawu da ta fi ta kowa duhun ganye.

Yadda ake ɓoye alama shi ne a ajiye ta a fili, a cikin tarkace, a lokacin da hankalin mai karatu yake wani wuri. Kamar haka:

"Lami ta bi ta gefen gonar Kawu don ta yanke hanya. Riɗinsa ya yi kore shar har ya fi na Baffa tsayi, ga ciyawa ta rufe kan iyaka. Ba ta tsaya ba, don maganar da Gwaggo ta yaɓa wa Inna ɗazu tana ta yi mata amsa-kuwwa a kunne."

Mai karatu yana tare da maganar Gwaggo, ya wuce gonar bai waiwaya ba. A babi na goma in aka dawo da ita, sai ya ce kash, ai na gani.

In kin rasa alama, ki duba abin da ke canjawa da lokaci. Lalle yana barin fata cikin kamar mako biyu, amma a farce sai dai ya tsiro da shi a hankali, don haka farce yana faɗar yaushe aka yi ƙunshi. Sawu a ƙasa bayan yayyafi, tokar murhu mai ɗumi ko mai sanyi, ƙullin da bahago ya yi, ƙamshin turaren wuta a jikin mayafi. Duk suna gabanki kullum.

8. Yadda za ta yi tambaya

Wannan ne wurin da labaran da aka kwaikwayo daga fim suke tona kansu. Yarinya ba ta tsayawa a gaban baffanta ta ce ina kake daren Talata. Mari za ta sha, mai karatu ma zai ce ta yi rashin kunya ya daina son ta. Tambayarta a kaikaice take, a cikin aike, a cikin gaisuwa, a cikin nuna wauta. Ta durƙusa, ta kawar da kai, ta jefa magana kamar ba da niyya ba.

"Sannu da hutawa, Baba Dillaliya. Inna ce ta ce in tambaya ko an sami mai son kwanon nan."

"Ba a samu ba tukuna, 'yar nan. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Ai kin yi ƙoƙari, sau uku kina zuwa gaisuwa."

Tsohuwar ta yi shiru tana gyara ɗaurin kayanta. "Iya ai mutuniyata ce. Amanarta ma..." Sai ta tsaya. "Je ki ce wa uwarki sai jibi."

Lami ba ta tambayi komai ba, amma ta fita da kalma ɗaya a hannu. Haka za ki riƙa yi. Ki bar manya su yi tuntuɓen harshe, ki bar shirunsu ya yi magana. Sannan ki samo mata babba guda ɗaya da yake sauraronta, malamar islamiyya ko kakanta na wajen uwa, domin a ƙarshe sai da bakin babba maganarta za ta shiga zaure.

9. Jera babi-babi

Ni goma sha biyu nake yi, kowanne kalma 1,500 zuwa 2,000. Kayan ya ɓata kafin babin farko ya ƙare, kada ki ɓata babi uku kina ba da tarihin zuri'a. Daga na biyu zuwa na bakwai zargi yana yawo daga kan wannan zuwa wancan. Wajen na takwas Lami ta yi kuskure babba, ta zargi wanda bai yi ba a gaban mutane, a hana ta fita talla. Na tara ta gano an yi kuskuren lokaci. Na goma da sha ɗaya ta haɗa alamomin.

Ki sa wa'adi a wuyan labarin, in ba haka ba zai yi sanyi. A nawa Baffa ya rantse in aka yi sadakar arba'in ba a ga munduwa ba, zai kai magana gaban dagaci, daga nan kotu, kuma sunan uwar Lami zai bayar. Kowane babi ki tuna wa mai karatu kwana nawa suka rage. In a WhatsApp ko Wattpad kike sakewa kashi-kashi, ki yanke kowane babi a kan tambaya, amma kada ki fara sakin na farko sai kin gama rubuta na ƙarshe. Na taɓa sakin babi huɗu sannan na gano alamar da nake buƙata ba ta cikin na biyu, ga mutane sun riga sun karanta. Sai da na sauya mai laifin dungurungum, kuma har yau in na tuna labarin nan raina ba ya so.

10. Warware ƙulli

A littattafan Turawa mai bincike yakan tara kowa a falo ya nuna mai laifi da yatsa. A gidanmu tonon asiri a bainar jama'a yana raba zumunci har jikoki. Ki tambayi kanki me yarinya mai hankali za ta yi da gaskiyar da ta gano a kan kawunta.

Lami ta same shi shi kaɗai a gona yana ɗaure riɗi. Ta gaishe shi, ta ce, "Kawu, bana taki ya karɓi gonar nan." Ya dube ta. Ta ce, "Saura kwana uku arba'in, kuma sunan Inna za a kai." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da daddare shi da kansa ya shiga zaure ya yi wa yayyensa bayani, aka aika aka kira dillaliya ta zo da munduwar, aka ga lanƙwasar bakinta. Bayanin yadda Lami ta gane kuwa, a madafa ta yi wa uwarta shi suna tankaɗe, a nan mai karatu yake jin yadda alamomi ukun suka haɗu. Kada ya wuce shafi biyu. Kuma ki tabbata wanda ya yi zargi ya je ya ba da haƙuri a kan idon mai karatu, don tun babi na biyu yake jiran wannan.

11. Gwaji da gyara

In kin gama, ki ajiye shi mako biyu. Sannan ki karanta da littafin sirri a gefe, kina bin jan layin nan ɗaya bayan ɗaya: kowace alama ta fito kafin a yi amfani da ita? Akwai wanda ya san abin da bai kamata ya sani ba a lokacin? Kwanakin sun yi daidai da ranakun kasuwa da na sadaka?

Sai ki ba yarinyar nan mai karatu babi takwas na farko kawai. Ki ba ta takarda ta rubuta wanda take zargi bayan kowane babi, ta ninke ta ba ki. In ta cafko gaskiya tun babi na uku, alamominki sun yi tsirara, ki ƙara musu tarkace ko ki matsar da ɗaya gaba. In kuma kin ba ta ragowar ta gama ta ce "ta yaya zan sani?", sun yi zurfi da yawa, ki ɗago ɗaya sama. Abin da kike nema shi ne ta zargi mutum biyu ko uku a hanya, ta gane gaskiya shafi kaɗan kafin Lami ta faɗa.

Dattijuwar kuma karanta mata za ki yi da baki, a hankali. Ita za ta ce miki ba a buɗe adudun mamaci sai manyan 'ya'ya suna wurin, ko kuma a garinku ba Kawu ake ce wa ƙanin uba ba. Wannan ma ya faru da ni a labarin munduwar, wanda na ba ki misalansa a nan da sunan da na fara sawa: Kawu ɗan'uwan uwa ne, ƙanin uba Baffa ne ko Baba Ƙarami, kuma autan Iya ƙanin uban Lami ne. Sai da na bi shafi ɗari da ashirin da jan biro ina gyara suna ɗaya.